Hanyoyin Tafiyar Zafi a Madafar Bahaushe: Nazari Daga Murhun Ƙasar Ringim

Gabatarwa



Akwai kacici-kacicin da kusan kowane yaro a ƙasar Hausa ya sani, wanda akan ce, "Uku-uku ta gama gari," sai a amsa, "Murhu." Har yau maganar ba ta tsufa ba. Da wuya mutum ya shiga gida a Ringim ko Taura ko Garki ko Ɓaɓura, watau ƙasashen da suka haɗu suka zama masarautar Ringim a 1991, bai tarar da duwatsun nan uku a madafa ba, ko da kuwa an ajiye risho ko tukunyar gas a gefe. A kansu ake tuƙa tuwon dare, a dama kunun safe, a soya ƙosan da za a kai talla.

To, amma akwai abin da masu awon kimiyya suka gano game da wannan murhu, wanda ya kamata ya dami kowane maigida da kowane ma'aikacin da yake kula da daji ko lafiyar jama'a. In aka kasa zafin da itace yake bayarwa kashi ɗari, abin da yake shiga tukunya a kan buɗaɗɗen murhu bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 ba. Watau in uwargida ta sayi itacen naira 1,000, abin da ya taɓa abincinta bai fi na naira 150 ba, sauran ya salwanta. Manufar wannan jawabi ita ce mu bi sawun zafin nan tun daga garwashi har cikin tukunya, mu ga ta inda yake shiga da ta inda yake sulalewa. Hanyoyinsa uku ne kacal, kuma babu wadda mai girki ba ta aiki da ita kullum, ko da ba ta taɓa jin sunanta a aji ba.

Mene ne Zafi?

Kowane abu da muke gani, ƙarfe ne ko ruwa ko iska, an gina shi da wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, kuma ƙwayoyin nan ba sa zama shiru. A cikin ƙarfe suna karkarwa a inda suke, a cikin ruwa suna zamewa a kan juna, a cikin iska kuwa suna tsere ko'ina. Ƙarfin wannan motsi shi ne abin da muke ji mu kira zafi. In motsin ya tsananta sai mu ce abu ya yi zafi, in ya lafa mu ce ya huce.

Masanan Turai na zamanin da sun daɗe suna tsammanin zafi wani irin ruwa ne marar nauyi, mai kwarara daga jiki zuwa jiki. Wanda ya girgiza wannan ra'ayi sosai shi ne Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Count Rumford. A 1798 ya ba da bayanin abin da ya gani a maƙerar igwa ta birnin Munik a ƙasar Jamus, inda gogayyar ƙarfen huda da jikin igwa ta tafasa ruwa cikin kamar awa biyu da rabi ba tare da an hura wuta ba. Daga nan ya yanke cewa abin da ba ya ƙarewa muddin ana ta guga, lalle motsi ne. Duk wanda ya taɓa sa hannu cikin garin da ya fito daga injin niƙa ya ji shi da ɗumi, ya ga irin abin da Rumford ya gani.

Ƙa'ida ɗaya ce take mulkin tafiyar zafi: kullum yana tashi daga abin da ya fi zafi zuwa wanda bai kai shi ba, har sai sun daidaita. Mukan ce sanyi ya shiga ɗaki, alhali zafin ɗakin ne ya fita. Littattafan kimiyya na Turanci suna kiran hanyoyin wannan tafiya kondakshan da kombekshan da radiyeshan. A nan zan kira ta farko ratsawa, ta biyu kewayawa, ta uku kuma huci, domin kalmomi ne da suke bakin kowa, kuma kowace tana bayyana aikinta da kanta.

Hanya ta Farko: Ratsawa

Ku dubi magina sun yi layi suna miƙa wa juna tubali. Ba wanda ya bar inda yake tsaye, amma tubali ya isa kan gini. Haka ratsawa take. Ƙwayoyin gindin tukunya da suka taɓa wuta sukan ɗauki karkarwa su miƙa wa na kusa da su, waɗannan su miƙa gaba, har zafi ya keta kaurin tukunyar ya isa ga abinci. Sharaɗinta shi ne taɓa juna.

Abubuwa sun bambanta ƙwarai wajen saurin miƙawar nan. Alminiyam, wanda maƙeran fari suke narkarwa su zuba tukwanen da suka cika kasuwanninmu, yana ratsar da zafi fiye da gasasshen yumɓu sama da sau ɗari, ya kuma fi busasshen itace wajen sau dubu. Saboda haka ne cokalin ƙarfen da aka manta cikin miya yake ƙona hannu, amma muciya da ludayin duma ba sa yi, ko da an yini ana aiki da su. Iskar da take tsaye wuri ɗaya kuwa ta fi dukkan waɗannan rowa, shi ya sa busasshen tsumma, wanda iska ta cika tsakanin zarensa, yake kare hannu wajen sauke tukunya. In tsumman ya jiƙe sai ya zama makami, domin ruwa ya fi iska ratsar da zafi fiye da sau ashirin. Wannan dalili ne kuma ya sa da asubar hunturu bokitin ƙarfe yake yi wa hannu sanyi fiye da tabarma, alhali ɗaki ɗaya suka kwana, zafinsu ɗaya. Ƙarfen ya fi saurin zuƙe ɗumin hannu ne kawai.

A nan ne za mu fahimci gardamar da ake yi tsakanin tukunyar ƙasa da ta ƙarfe. Ta ƙarfe tana saurin ɗaukar zafi, tana kuma saurin sakinsa. Ta ƙasa tana da nawa, amma da yake tana da kauri da nauyi, in ta ɗauka takan riƙe, ta riƙa ba abinci a hankali, har akan sauke ta miya tana ci gaba da ɓararraka. Ga abin da yake son doguwar dahuwa a kan sassauƙar wuta, kamar wake ko ganda, wannan nawar alheri ce.

Masanin lissafin nan na Faransa, Joseph Fourier, shi ya tsara ƙa'idar ratsawa a littafinsa na 1822. Ya nuna cewa yawan zafin da yake ketawa yana ƙaruwa da faɗin wurin da ya taɓa da kuma ratar zafi tsakanin ɓangarorin biyu, yana kuma raguwa da kauri. Daga lissafinsa aka fitar da wani abu mai amfani ga kowane mahauci: in kaurin yankan nama ya ninka biyu, lokacin da zafi zai ɗauka kafin ya kai tsakiyarsa yakan ninka kamar sau huɗu. Ga dalilin da ya sa ake fere naman tsire da na kilishi falle-falle, ga kuma dalilin da ya sa babban yanki a kan wuta mai ƙarfi yake ƙonewa a waje alhali cikinsa ɗanye ne.

Ringim gari ne da ya yi suna da gyaɗa tun zamanin da jirgin ƙasa yake kwasarta a kan layin Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930. To, mai suyar gyaɗa ba ta zuba ta a tsirarar kasko, sai ta haɗa da yashi. In babu yashi, ɗan gefe ɗaya na kowace ƙwaya ne zai taɓa kasko, sai nan ya ƙone sauran bai soyu ba. Yashi mai zafi kuwa yakan lulluɓe ƙwayar ta kowace fuska, ya miƙa mata zafi daidai wa daida. Man da ake ɗigawa a gurbin tanda kafin a zuba ƙullun waina shi ma yana da irin wannan aiki, ban da hana kamu: yana cike 'yan ramukan da iska za ta maƙale a ciki ta raba ƙullu da tanda.

Hanya ta Biyu: Kewayawa

A ratsawa, zafi ne yake tafiya, mai ɗauke da shi yana tsaye. A kewayawa kuwa, mai ɗauke da zafin ne yake tashi da kansa ya kai shi, kamar mai ɗaukar tubali a ka ya hau tsani. Ba ta yiwuwa sai a cikin abin da yake gudana, watau ruwa ko mai ko iska.

In ruwan gindin tukunya ya ɗauki zafi sai ya ɗan faɗaɗa, ya fi na sama sauƙin nauyi, ya taso. Na sama mai sanyi ya sauka ya maye gurbinsa, shi ma ya ɗauka ya taso. Duk wanda ya leƙa tukunyar wake ya ga ƙwayoyi suna hawa ta wani gefe suna sauka ta wani, ya ga kewayawa da idonsa. Wani likitan Ingila mai suna William Prout ne ya raɗa mata sunanta na Turanci a 1834.

Tuƙin tuwo ya fi kowane gwajin aji bayyana wannan al'amari. Sa'ad da ruwa yake tsinkakke, yana juya kansa da kansa. In aka yi talge ya soma kauri, juyawar ta ragu. In aka zuba gari, sitacin da yake ciki ya sha ruwa ya kumbura, sai kewayawa ta tsaya cik. Daga nan ba abin da ya rage sai ratsawa, tuwo kuwa ba gwanin ratsar da zafi ba ne. Sai zafi ya taru a gindi, na ƙasa ya bushe ya zama ƙanzo, na sama bai nuna ba. Aikin muciya ke nan: abin da ruwa ya daina yi da kansa, damtsen mai tuƙi ya karɓa, yana ɗago na ƙasa yana danna na sama. In ta gama tuƙi ta janye itace ta rufe tukunya don tuwo ya sulala, tana ba ratsawa lokaci ne ta ƙarasa aikinta a hankali.

Wannan tsayawar kewayawa ita ce kuma take sa kunu da fate su daɗe ba su huce ba. Rumford ɗin nan da muka ambata ya rubuta cewa abin da ya jawo hankalinsa ga wannan bincike har da wani romon shinkafa mai kauri da ya ƙona masa baki bayan an daɗe da sauke shi, samansa ya huce, cikinsa kuwa wuta. Iyayenmu mata sun san maganin abin, shi ya sa suke ɗiban kunu da ludayi suna zubowa daga sama kafin su ba yaro. Kunu kuwa in ya zube a jiki yakan manne wa fata ya ci gaba da ƙuna. Taimakon farko da likitoci suka yarda da shi shi ne a yi ta kwarara ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a wurin har kamar minti 20, don ya janye zafin da ya riga ya shiga tsoka, sa'an nan a nufi asibiti. Shafa manja ko ƙwai ko man goge baki ba ya janye zafi, yana kuma iya jawo ruɓa.

Sai batun tafasa. A bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100. A ƙasarmu, wadda ta ɗara teku da wajen mita 400, yana tafasa a wajen digiri 99. Da zarar ya kai nan, a buɗaɗɗiyar tukunya, ba ya ƙara ko digiri ɗaya komai yawan itacen da aka tura. Duk ƙarin zafin yana tafiya ne wajen mayar da ruwa tururi. Joseph Black na Jami'ar Gilasgo ne ya bayyana wannan ɓoyayyen zafi wajen 1761. Yawansa kuwa abin mamaki ne: zafin da ake bukata a mayar da lita ɗaya ta tafasasshen ruwa tururi ya ninka wanda aka kashe wajen tafasa ta daga sanyin randa kamar sau bakwai. Saboda haka wadda take ta iza wuta a ƙarƙashin tukunyar da ta riga ta tafasa, ba ta rage wa wakenta lokacin dahuwa ba, itacenta kawai take aikawa sama. A nan Bahaushe ya yi gaskiya da ya ce zafin nema ba ya kawo samu. Murfi kuwa yana tare tururin, ya koma ruwa ya ɗiga ciki, ya mayar da wani kaso na zafin da ya so ya gudu.

Wannan ɓoyayyen zafi shi ne yake dafa dambu. Tururi yana tasowa ta hudojin madambaci, ya taɓa tsaki mai sanyi, ya koma ruwa, ya sauke masa duk kayan da ya ɗauko. Shi ya sa ake naɗe mahaɗar tukunya da madambaci da tsumma ko a liƙe ta da ƙullu, kada tururi ya sami wata ƙofa. Shi ya sa kuma ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni.

Man gyaɗa ba shi da iyakar nan ta ruwa. A kaskon ƙosai yakan kai digiri 170 zuwa 190. Kumfar da take tashi in an jefa ƙullu, ruwan cikin ƙullun ne yake fita ya zama tururi. In bayan ƙosan ya bushe ya haura wajen digiri 140, sai sinadaran zaƙi da na gina jiki su haɗu su ba da jan launi da ƙanshin suya, abin da Louis-Camille Maillard na Faransa ya bayyana a 1912. Dafaffen nama ba ya yin wannan ja domin ruwa ba ya kai shi can. In mai ƙosai ta cika kasko da yawa, sai zafin man ya faɗi, tururin da yake tunkuɗe mai ya raunana, ƙosai ya sha mai. In kuwa mai ya kama da wuta, kada a kuskura a watsa masa ruwa, domin ruwan zai nutse ƙasa ya zama tururi nan take, girmansa ya ninka wajen sau 1,700, ya yi feshin mai mai ci da wuta. Rufe kasko da murfi a janye itace shi ne daidai.

Hanya ta Uku: Huci

Tsakaninmu da rana akwai wajen kilomita miliyan 150, kusan duka sarari ne marar iska. Babu abin da zai miƙa, babu abin da zai kewaya, amma cikin minti takwas da ɗoriya zafinta yana isowa ya busar da kuɓewa da barkonon da aka shanya. Wannan shi ne huci: zafi mai tafiya kamar haske, a miƙe, ba ya bukatar abin hawa. A 1800 William Herschel ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku ya fito da launukan bakan gizo, ya riƙa aza ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da shi gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ma'aunin ya ƙara hawa. Ashe akwai hasken da fata take ji ido bai gani ba, kuma kowane abu mai ɗumi yana fitar da shi.

Ku tsaya a tukubar mai tsire a kasuwar Ringim ko ta Gujungu ku lura. Wuta tana tsakiya, tsinkaye kuwa an kakkafa su kewaye da ita a gefe. Iska mai zafi da hayaƙi sama suke yi, ba su bi ta kan nama sosai ba, naman kuma bai taɓa garwashi ba. Abin da yake gasa shi huci ne. Da yake huci a miƙe yake tafiya, fuskar da take kallon wuta kaɗai take samu, don haka dole a riƙa juya tsinke. Haka mai jin ɗumi da hunturu, gabansa yana gasuwa bayansa yana rawar ɗari.

Josef Stefan na birnin Biyana ya gano a 1879 cewa huci yana ƙaruwa da gaggawa fiye da hawan zafin abin da yake fitar da shi. Bisa ƙa'idarsa, in garwashi ya tashi daga digiri 600 zuwa 900, hucinsa yakan ninka fiye da sau uku. Shi ya sa 'yar fifitar da mai tsire yake yi da mafici take sauya gashi nan da nan, shi ya sa kuma toka in ta lulluɓe garwashi sai gashi ya yi sanyi. Har ila yau, baƙin abu marar sheƙi yana shan huci, fari ko mai ƙyalli kuwa yana mayar da yawancin hasken rana, abin da duk mai sa farar riga da bazara ya sani.

Inda Hanyoyin Suke Haɗuwa

Da wuya hanya ɗaya ta yi aiki ita kaɗai. A tanderun gurasa, bayan gurasar da aka manna a jikin tanderu yana gasuwa ta ratsawa, fuskarta tana samun hucin garwashi da na bangon da yake kallonta, iska mai zafi kuma tana kewayawa a ciki. Filas ɗin shayi kuwa, wanda ya samo asali daga kwalbar da James Dewar ya ƙera a Ingila a 1892, an yi shi ne don ya toshe ukun duka: bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu suna hana ratsawa da kewayawa, ƙyallin da aka shafa musu yana mayar da huci, murfi kuma yana tare tururi.

Abin lura ga ɗaliban harshe shi ne, Hausa ta riga ta rarraba waɗannan ayyuka da kalmominta. Mukan dafa da ruwa, mu soya da mai, mu turara da tururi, mu banda kifin Haɗejiya da hayaƙi mai zafi: waɗannan duk 'ya'yan kewayawa ne. Mukan toya waina a tanda, aikin ratsawa ke nan. Mukan gasa tsire mu ƙyafe nama a gefen wuta, aikin huci ke nan. Malamin da zai koyar da wannan darasi a firamare ko sakandare yana da jari a bakin ɗalibansa tun kafin ya buɗe littafi.

Ina Zafin Itacenmu Yake Tafiya?

Yanzu muna iya komawa ga kashi 85 ɗin nan da ya salwanta. Wani kaso yana ratsawa cikin ƙasa da duwatsun murhu. Kaso mafi girma yana bin iska mai zafi da hayaƙi, waɗanda suke kauce wa gindin tukunya su fice ta gefe, balle in iskar hunturu tana kaɗawa. Wani yana fita ta huci ya gasa ƙafafun mai girki. Wani yana ƙarewa wajen busar da ɗanyen itace kafin ya kama, wani kuma yana fita cikin hayaƙi, domin hayaƙi makamashi ne da bai gama ci ba.

Asarar ba ta tsaya ga aljihu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ne babban tushenta, ta yi sanadin mutuwar mutane wajen miliyan 3.2 a duniya a 2020, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarta. Gawayi a rufaffen ɗaki da hunturu yana fitar da iskar guba marar launi marar wari, wadda take kashe mutum cikin barci. Ga kuma daji: Jigawa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da suke bakin gaɓar hamada, waɗanda aka sa cikin shirin nan na dasa ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Mutumin Ɓaɓura ko Maigatari ba ya bukatar a gaya masa yadda neman itace ya yi nisa.

Wanda ya san hanyoyin zafi ya san ƙofofin da zai toshe. In aka kewaye murhu da bangon yumɓu aka bar ƙofar itace da ta iska, an tare huci an kuma tilasta wa iska mai zafi ta shafi jikin tukunya kafin ta fita. Ingantattun murahu irin waɗanda Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da wasunta suka yi aiki a kansu, kan wannan ƙa'ida aka gina su, kuma nagari daga cikin irinsu yakan kai kashi 25 zuwa 30 na zafi cikin tukunya, watau kusan rabin itace ya isa. Sauran dabarun ba sa cin ko kwabo: a busar da itace a faskara shi ƙanana, a rufe tukunya, a rage wuta da zarar an tafasa, a jiƙa wake tun dare, a kankare kaurin baƙin da ya taru a gindin tukunya. Har ma ana iya sauke tukunyar wake ko shinkafa bayan ta tafasa sosai, a rufe ta ruf, a nutsa ta cikin kwando mai cike da ƙaiƙayi ko tsummoki, ta ƙarasa dahuwa da zafin da ta riga ta ɗauka.

Fitar da Zafi

Ilmin da yake shigar da zafi cikin abinci shi ne kuma yake fitar da shi. Ruwan randa yana sanyi ne domin yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, kowane ɗigon da ya bushe kuma ya tafi da ɓoyayyen zafin nan da Black ya bayyana. A kan wannan ne marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da take Dutse, ya gina dabararsa a shekarun 1990: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen ƙyalle a bisa. Ya sa maginan tukwane suka yi dubbai aka rarraba a ƙauyukan Jigawa, kuma an ba da rahoton cewa yalon da yakan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27 a ciki. Wannan aiki ya sa ya sami kyautar Rolex ta shekarar 2000. Dabarar ta fi ci da rani, lokacin da iska take a bushe, kuma ba ta bukatar lantarki.

Kammalawa

Mun ga cewa zafi motsi ne, yana kuma tafiya ta ratsawa da kewayawa da huci, kuma muciya da murfi da yashin suya da tukuba duk kayan sarrafa waɗannan hanyoyi ne. Abin da ya rage shi ne a sada sanin da yake madafa da wanda yake littafi. Malamin makaranta yana iya kai ɗalibansa gindin murhu su auna itacen da ake ƙonawa wajen tafasa lita biyar da murfi da kuma babu murfi. Malamin gona da na tsabta suna iya haɗa kai da maginan tukwane a fito da murhun yumɓu mai araha a kowace kasuwa. Maigida kuwa yana iya farawa tun yau da buɗe taga a madafa da sayen murfin da ya dace da tukunya.